Tabaran VR Mai Zaman Kansa: Ina Ribar, Ina Asarar?

A shekarar 2016, duk wanda ya so ya ɗanɗana VR na gaske, wato shiga duniyar da kwamfuta ta zana ta hanyar tabarau, sai ya ware masa ɗaki guda da kuɗi masu kauri. Oculus Rift ya fito a kan dala 599, HTC Vive a kan dala 799, kuma kowannensu gangar jiki ne kawai, ba ya komai sai an jona shi da kwamfuta mai ƙarfi wadda ita ma za ta ci wajen dala dubu. Mai Vive sai ya hau kujera ya kafa wasu 'yan akwatuna biyu a kusurwoyin ɗaki don su riƙa bin motsinsa. Daga ƙeyar mutum kuma igiya ce mai kauri, mita huɗu zuwa biyar, ta sauko ta bi baya ta tafi wurin kwamfuta. Ka juya sau uku ta nannaɗe maka ƙafa. Masu wasa har sun koyi ƙirga juyinsu a zuci, in sun yi biyu ta dama sai su rama biyu ta hagu.

Shekara uku bayan haka, a watan Mayun 2019, kamfanin Facebook, wanda ya sayi Oculus tun 2014 a kan kusan dala biliyan 2, ya fito da Oculus Quest a kan dala 399. Ba igiya, ba kwamfuta, ba akwatunan bango. Ƙwaƙwalwar na'urar da batirinta da kyamarorinta duk suna cikin abin da ka ɗaura a fuska. Wannan shi ne tabarau mai zaman kansa, kuma yau shi ya mamaye kasuwa. Tambayar ita ce ko abin da aka samu ya kai abin da aka bari, musamman ga mutumin da zai fitar da kuɗinsa sau ɗaya, ba ɗan jaridar fasaha da ake aiko wa sabo kyauta ba.

Kafin Quest an yi ƙoƙarin rage tsada ta hanyar da ba ta ɓulle ba, kuma labarin yana da amfani domin har yanzu ana sayar wa mutane ragowarta. Google ya fito da Cardboard a 2014, kwali da ruwan tabarau biyu, ka zura wayarka a ciki. Samsung ya biyo da Gear VR a 2015, shi ma waya ake maƙalawa. Sai Oculus Go a 2018, dala 199, wanda shi kam mai zaman kansa ne. Dukkansu aibinsu ɗaya. Suna sanin ka juya kai, ka ɗaga, ka sunkuyar, amma ba su san ka matsa gaba ko ka durƙusa ba. Ka miƙa wuya don ka leƙa abin da ke kan tebur, sai teburin ya gudu tare da kai. Ido ya ce ba ka motsa ba, sassan cikin kunne masu kula da daidaiton jiki su ce ka motsa, kuma daga wannan saɓani jiri da tashin zuciya suke tasowa. Da yawa daga cikin waɗanda za su ce maka sun gwada VR ya sa su amai, irin waɗannan suka gwada. Robobin da ake sayarwa a shagunan kayan waya, waɗanda ake cusa waya a ciki, 'ya'yan wannan zamani ne, kuma ba su ake magana a kai ba.

Abin da Quest ya kawo shi ne kyamarori huɗu a gefunan tabaran, suna kallon ɗakin da kake ciki. Suna kama kusurwar tebur, da zanen darduma, da bakin ƙofa, su riƙe su a matsayin alama, sannan na'urar ta lissafa inda kanka yake da yadda ya matsa, tana haɗawa da abin da na'urorin jin motsi na ciki suke gaya mata. Duk wannan dole ya gudana cikin ƙiftawar ido. Masu ƙera waɗannan kaya suna neman kada tazarar da ke tsakanin motsin kai da sauyawar hoto ta wuce kashi 20 cikin dubu na daƙiƙa, kuma allon ya riƙa sabunta hoto sau 72 zuwa 120 a daƙiƙa guda. Wannan dabara tana da sharaɗi: kyamara tana son haske da abin kamawa. A ɗaki mai duhu, ko mai farin bango fes ba zane ba komai, ko mai babban madubi, sai ta ruɗe, duniyar ta fara rawa.

Babbar ribar tabarau mai zaman kansa, a ganina, ba a jerin lambobin da ke jikin kwali take ba. Tana cikin lokacin da ke tsakanin sha'awa da farawa. Mai na'urar igiya sai ya kunna kwamfuta, ya jira manhaja ta gama sabunta kanta, ya warware igiya, ya duba ko akwatunan bango sun kama. Kafin ya gama, sha'awar ta huce. Mai Quest ɗauka kawai zai yi ya saka, cikin minti ɗaya yana ciki. Na'urar da ake ɗauka kullum ta fi wadda ta ninka ta ƙarfi amma tana kwance a kwali. Kamfanoni sun gane haka da wuri. Walmart na Amurka ya sayi Oculus Go dubu 17 a 2018 don horar da ma'aikatan kantunansa, abin da ba zai yiwu ba da a ce kowane tabarau sai da kwamfutarsa da mai kula da ita.

Akwai kuma ribar da marubutan Turai da Amurka ba su cika ambata ba, domin ba ta dame su ba, wato wuta. Kwamfutar wasa mai ƙarfi tana shan ɗaruruwan wat. Katin hoto guda ɗaya, RTX 4090 na Nvidia, an rubuta masa wat 450 shi kaɗai, ba a lissafa sauran kayan cikin kwamfutar ba. Batirin Quest 3 kuwa bai kai wat-awa 20 ba, kuma yana ɗaukar na'urar awa biyu da 'yan mintuna, wato duka aikin yana tafiya a kan abin da bai kai wat 10 ba. Ga mutumin Kano ko Zinder ko Kumasi, wannan bambanci ne tsakanin tayar da janareta da jona fawa-banki. In an ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, mai kwamfuta ya tashi, mai tabarau bai ma san an ɗauke ba sai dai in fanka ta tsaya ya ji zufa.

To amma wat 10 wat 10 ne. Ƙwaƙwalwar da ke cikin waɗannan tabarau ta dangin wayar hannu ce, kamfanin Qualcomm ke ƙera ta. Quest na farko ya zo da Snapdragon 835, wadda ke cikin manyan wayoyin 2017. Quest 2 na 2020 ya zo da XR2, Quest 3 na 2023 da ƙarni na biyu na XR2. An ci gaba sosai, amma har yanzu ana neman ƙwaƙwalwar waya ta zana hoto biyu, ɗaya ga kowane ido, kowanne da ɗigo sama da miliyan huɗu a Quest 3, sau casa'in a daƙiƙa, ba tare da ta ƙona goshin mai ita ba. Dole a yi dabara. Ana zana tsakiyar hoto da kyau a rage ingancin gefe, ana rage inuwa, ana sauƙaƙa ciyawa da ruwa da gashi. Wanda ya taɓa ganin Half-Life: Alyx, wasan da Valve ya fitar a 2020, a kan kwamfuta mai kyau, inda za ka ɗauki kwalba ka ga ruwa na motsi a ciki, ya san tazarar da ke tsakani. Wannan wasa har yau ba ya gudana a cikin Quest shi kaɗai.

Sai dai masu wannan hujja suna mantuwa da abu biyu. Na farko, wasannin da mutane suka fi komawa gare su ba masu kyan hoto ba ne. Beat Saber, wanda wani ƙaramin kamfani na birnin Prague ya ƙirƙira kafin Facebook ya saye shi a 2019, akwatuna ne masu launi suke tahowa kana sara da takubba biyu na haske bisa kiɗa. Hotonsa ba wani abin a zo a gani ba ne, amma rabin awa a cikinsa sai riga ta jiƙe. A irin wannan wasa 'yancin juyi ya fi kyan inuwa daraja nesa ba kusa ba. Na biyu kuma, wanda ya fi muhimmanci, tabarau mai zaman kansa yana iya komawa na igiya idan an so. Tun ƙarshen 2019 akwai Oculus Link, kebul guda zuwa kwamfuta. A 2021 aka ƙara Air Link, wanda ke turo hoton ta Wi-Fi, akwai manhajar Virtual Desktop mai irin wannan aiki, sannan Valve da kansa ya kawo Steam Link cikin Quest a ƙarshen 2023. Hoton da aka turo ta iska an matse shi, mai kaifin ido zai ga ɗan dishi-dishi a wurare masu duhu, kuma sai da na'urar Wi-Fi mai kyau a kusa. Duk da haka hanyar a buɗe take. Na igiya kuwa ba shi da hanyar zama mai zaman kansa. Valve Index na dala 999, in ka raba shi da kwamfuta, ado ne kawai. A nan, a wurina, gardamar ƙarfin hoto ta ƙare: wanda ya sayi mai zaman kansa ya sayi biyu ne a kuɗin ɗaya.

Inda ba a samu mafita ba shi ne jiki. Duk abin da aka cire daga kan tebur, a fuska aka ɗora shi. Quest 2 giram 503 ne, Quest 3 giram 515. Ka ɗauki ledar fiya-wata guda ka ɗaure ta a goshi, gaba da idanu, ka yi awa ɗaya kana waige-waige, shi ne nauyin. Ba yawansa ne matsala ba, inda ya taru ne: duk a gaba, yana danna kumatu da goshi, yana jan wuya ƙasa. Maɗaurin yadi da ke zuwa a kwali ba ya raba nauyin, shi ya sa kusan kowa ke ƙara kuɗi ya sayi maɗauri mai tauri, sau da yawa mai batiri a ƙeya don ya daidaita rinjaye ya kuma ƙara lokaci. Farashin da ke jikin talla ke nan ya ƙaru tun ba a je ko'ina ba. Pico 4, na kamfanin ByteDance mai TikTok, tun daga masana'anta ya mayar da batirinsa ƙeya, kuma wannan tunani ne mai kyau. Apple kuwa, da ya fito da Vision Pro a Fabrairun 2024 a kan dala 3,499, ya cire batirin gaba ɗaya ya mayar da shi aljihu, ya haɗa da siririyar igiya. Duk da haka abin da ke fuska ya haura giram 600. Kamfanin da ya fi kowa iya ƙera ƙananan kaya ma bai tsira daga igiya ba.

Ga zafi kuma. Akwai 'yar fanka a ciki, amma soson da ke manne da fuska yana shan gumi, ruwan tabarau yana yin hazo. A 2021 sai da aka janye soson fuskar Quest 2 a Amurka, wajen guda miliyan 4, saboda ƙorafin ƙaiƙayi da kurajen fata, aka riƙa raba murfin roba. Wanda zai saka wannan abu a Sakkwato cikin watan Afrilu, ko a gida mai yara biyar da kowa ke jiran layinsa, ya nemi murfin da ake gogewa tun ranar farko.

Yanzu ga abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa. Me ya sa na'ura mai allo biyu ko ɗaya mai kaifi, da kyamarori, da ƙwaƙwalwa, da sandunan hannu biyu, ta zo a kan dala 299 kamar Quest 2, ƙasa da kuɗin matsakaiciyar waya? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Sashen da ke wannan aiki a Meta (sabon sunan kamfanin Facebook), wato Reality Labs, ya yi asarar dala biliyan 13.7 a 2022, biliyan 16.1 a 2023, biliyan 17.7 a 2024. Ba duka a kan tabarau aka kashe ba, akwai bincike da sauran kayayyaki, amma ba mai zubar da irin wannan dukiya don Allah. Mark Zuckerberg, shugaban kamfanin, ya ga yadda Apple da Google suka riƙe ƙofar wayoyin duniya, kowa sai ya bi ta kantinsu ya biya su kaso, har Apple ya sauya dokar bin diddigin masu amfani a 2021 ya jawo wa kasuwar tallan Facebook asara mai yawa. Yana son ƙofa tasa ta kansa. Tabarau mai zaman kansa ita ce ƙofar: manhajar da ke tafiyar da shi ta Meta ce, kantin wasanni na Meta ne, kuma yana karɓar kusan kashi 30 cikin ɗari na abin da aka saya.

Mai saye yana jin wannan a jikinsa ta hanyoyi da dama. Lokacin da Quest 2 ya fito a 2020, sai da asusun Facebook ake buɗe shi, kuma wanda aka rufe wa asusu, ko da bisa kuskure, wasanninsa da ya biya sun tafi tare. Abin ya kai ga an dakatar da sayar da shi a Jamus, hukumar hana babakere ta ƙasar ta buɗe bincike, kuma sai a Agustan 2022 kamfanin ya janye sharaɗin ya koma asusun Meta. A watan nan dai ya ƙara dala 100 a kan farashin na'urar da ta kusa shekara biyu a kasuwa, abin da ba a saba gani ba a kayan lantarki. Echo VR, wasan da ke da masoya na gaske, an kashe shi a Agustan 2023 duk da roƙon da suka yi. Oculus Go shekara biyu da ɗoriya kacal ya yi aka daina yin sa. Quest na farko ya daina samun sababbin abubuwa a 2023, gyaran tsaro ya tsaya a 2024, shekara biyar kacal da fitowarsa, kuma wasanni suna ta janye goyon bayansu gare shi ɗaya bayan ɗaya. Da yake ƙwaƙwalwar a manne take da allon, ba a sauya ɗaya a bar ɗaya. Mai kwamfuta zai cire katin hoto ya sa sabo ya ci gaba da tsohon tabaransa, mai Quest sai ya sayi sabon komai.

Adalci ne a ce na igiya ma ba su tsira ba. Microsoft ya yi watsi da tsarinsa na Windows Mixed Reality, ya cire shi daga Windows 11 a 2024, masu tabarau irin HP Reverb G2 suka wayi gari da kaya lafiyayyu da ba sa kunnuwa, sai da masu sa-kai suka rubuta musu wata manhaja. Kasuwar duka ƙarama ce, kuma manyan kamfanoni suna shiga suna fita yadda suka ga dama. Amma akwai bambanci tsakanin kamfanin da ya tafi ya bar ka da wanda ke zaune a ɗakinka. Kyamarorin da ke bin motsinka suna auna tsawo da faɗin ɗaki, suna gane inda kujera take, suna ganin hannuwanka. Meta ya ce ana sarrafa hotunan a cikin na'urar. Ko mutum ya yarda da hakan, yana da kyau ya tuna cewa kamfanin da talla yake ci, kuma yadda mutum ke motsa kai da hannu alama ce da ke bambanta shi da kowa. A gidan da ake tsare mutuncin cikin gida, inda baƙo ma ba ya wuce zaure, ba ƙaramin abu ba ne a shigo da na'ura mai idanu har uwar ɗaka. Ni dai da falo zan bar ta.

Sai maganar da ba mai talla da zai faɗa: shin za ka ci gaba da sakawa? A farkon 2023 an ruwaito wani babban jami'in Meta yana gaya wa ma'aikata cewa an sayar da Quest kusan miliyan 20. Kafin nan, a 2022, jaridar Wall Street Journal ta ruwaito daga takardun cikin kamfanin cewa fiye da rabin na'urorin ba a amfani da su bayan wata shida da saye. Sauƙin ɗauka ya rage wannan matsala, bai kawar da ita ba. Makon farko kowa na mamaki, ana kiran maƙwabta su zo su ga kifi na iyo a falo. Bayan nan sai a ga waɗanda suka dawwama iri uku ne: masu motsa jiki da shi kullum, masu abokai a ciki da suke haɗuwa su yi wasa ko hira, da masu wani takamaiman aiki, kamar ɗalibin zanen gini ko mai koyon tuƙin jirgi a kwaikwaye. Mai niyyar kallon fim kawai zai gane cewa talabijin ba ya danna masa kumatu, kuma ana kallonsa da iyali ana cin gyaɗa. VR abu ne na mutum ɗaya. Yana rufe ka daga sallamar baƙo da kukan yaro, ko da yake Quest 3 da 3S suna nuna maka ɗakin da launinsa ta kyamara, wanda ya rage wannan kaɗaici ƙwarai.

Hukuncina shi ne, ga mutum tara cikin goma da ke son VR, mai zaman kansa ne daidai, kuma na tsakiya, ba na ƙoli ba. Quest 3S da ya fito a Oktoban 2024 a kan dala 299 yana da ƙwaƙwalwa iri ɗaya da Quest 3 da ya fito a kan dala 499, babban bambancin a ruwan tabarau yake. Na 3S tsohon samfuri ne mai zobba-zobba, tsakiya kaɗai ke fita tar, gefe da ɗan hazo. Na Quest 3 siriri ne, kusan ko'ina a fili. Mai wasan tsalle-tsalle ba zai damu ba, mai karatu ko aiki da rubutu zai damu tun ranar farko. Na igiya zalla ya rage wa wanda ya riga ya mallaki babbar kwamfuta da tsayayyar wuta, kuma zaune yake wasansa, tseren mota ko tuƙin jirgi, inda igiya ba ta tare masa komai.

Mai saye daga Najeriya ko Nijar yana da ƙarin lissafi. Meta ba ya sayar da Quest kai tsaye a ƙasashen nan, ta hannun 'yan kasuwa ko ɗan'uwa mai dawowa daga waje yake shigowa, don haka in ya lalace ba inda za a kai ƙara. Wasanni da kuɗin waje ake sayensu, sai da katin da ke biya a intanet. Manyansu suna cin gigabait da yawa, wasu sun haura 20, ga sabuntawar da ba ta ƙarewa, duk a kan datarka. Yara kuma, kamfanin da kansa ya sa iyakar shekara 13, daga baya a 2023 ya sauko zuwa 10 da sharaɗin iyaye ne ke riƙe da asusun.

In na hannu za ka saya, a Farm Centre ta Kano ko wani wuri, kada ka biya sai ka saka a fuskarka, gani ya kori ji. Ka buɗe hoto mai farin fili ka duba ko akwai tabo ruwan ɗorawa ko baƙi a allon. Ruwan tabaran yana tattara hasken rana kamar gilashin ƙara girma, 'yan daƙiƙu a bakin taga sun isa su ƙona allon, kuma wannan tabo ba ya gyaruwa. Ka saki sandunan hannu ka ga ko alamar tana tafiya da kanta. Ka sa mai shi ya goge asusunsa a gabanka ya mayar da na'urar yadda ta fito daga masana'anta. Sannan ka yi minti goma sha biyar a cikin wasan da ake tafiya da sandar yatsa, ba wanda ake tsaye wuri ɗaya ba, domin shi ne zai nuna maka ko cikinka zai ɗauka. Wasu suna sabawa cikin mako guda, wasu ba sa sabawa har abada, kuma ba a mayar da kuɗi a kasuwa saboda jiri.